Man retinol mai kashi 0.5: ya gyara gefen ido, amma umarninsa ya ƙona mini gefen baki

Wata bakwai ke nan ina shafa wannan man retinol na rage alamun tsufa a fuska, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari, wanda ake zubawa a kwalba mai faɗin baki ta giram 50. Kafin in taɓo amfaninsa, dole in fara da layi guda da aka rubuta a jikin kwalin, domin shi ya jawo mini ɓacin ran wata huɗu: a shafa kowane dare bayan wanke fuska. Iyakar bayanin ke nan. Ba a faɗi yawan da za a lakuta ba, ba a ce a fara a hankali ba, rana kuwa ko ambatonta ba a yi ba.

Na san ƙa'idar retinol sarai. Abin da ya ruɗe ni shi ne kaurin man da maiƙonsa, ga kuma rubutun da ke cewa ya dace da fata mai saurin jin jiki, sai na ɗauka an sassauta shi. Ashe ba haka ba ne. Retinol dangin bitamin A ne, kuma idan ya shiga fata sai ta juya shi sau biyu: daga retinol zuwa retinal, daga nan zuwa asid ɗin retinoyik, wanda shi ne mai aikin. Yana hanzarta sauyawar ƙwayoyin saman fata, kuma a makonnin farko wannan hanzarin yana raunana shingen da ke riƙe ruwa a cikinta. Maiƙon da aka haɗa shi da shi ba ya hana hakan.

Dare shida a jere na shafa, kuma fuskar da sauran danshin wanki, wanda shi ne kuskure na biyu, don jiƙaƙƙiyar fata ta fi shan mai da sauri. A dare na bakwai ruwa kawai ya taɓa gefen bakina na ji raɗaɗi. Zuwa safiya ta tara, gefen baki da lungun hanci sun fara saɓa, in na yi murmushi sai in ji fatar tana ɗaurewa kamar za ta tsage. Waɗannan wurare ne ke fara ƙonewa saboda mai yana gangarowa ya taru a lungu, ga shi kuma ba sa hutawa da motsi.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. A fata mai haske, ja ne ke fara yin gargaɗi. A fata mai duhu jan ba ya fitowa fili, sai dai wurin ya yi toka-toka, ko ya riƙa wani sheƙi maras kyau, ya yi tauri. Kafin mutum ya ankara kumburin ya riga ya tsokano ƙwayoyin da ke samar da launin fata, su kuma su zubo shi fiye da kima. Saɓar ta warke cikin kwana goma, amma ta bar mini baƙin tabo biyu, kowanne kamar faɗin babban yatsa, dama da hagun baki. Man da na saya don rage alamun tsufa ya ƙara mini wata alamar da ta fi tamojin fitowa a hoto. Wata huɗu cur kafin su dusashe. Layi biyu na gargaɗi a jikin kwalin da sun isa su hana wannan.

Yadda na farfaɗo da fatar: na ajiye man na sati biyu, na daina duk wani abin goge fuska da duk mai asid ɗin gilaikolik, wato mai saɓe matattun ƙwayoyin saman fata, na koma sabulun ruwa maras ƙamshi, man riƙe danshi mai seramayid (maiƙon da ke gyara shingen fata) safe da dare, da ɗan basilin a wurin da ya saɓe. Da na dawo masa, sai na bi tsarin da ya kamata a ce shi aka rubuta tun farko. A wanke fuska, a jira minti 20 ta bushe ƙayau. A ɗiga basilin a gefen baki, lungun hanci da kusurwar ido don ya tare gangarowa. A lakuci kamar ƙwayar wake ɗaya tak ga dukkan fuska, a ɗiɗɗiga a goshi, kumatu biyu da haɓa, sannan a baza. Sau biyu a sati na wata guda, sannan dare ɗaya a shafa, dare ɗaya a huta, kuma har yau ban koma kullum ba. Idan an ji raɗaɗi, a shafa man danshi kafin retinol ɗin da bayansa.

A nan kuma dole in faɗi gaskiya, man yana aiki. Wajen sati na 14 da dawowa, ƙananan layukan da ke bazuwa daga kusurwar ido sun yi laushi, in ba dariya na yi ba sai an matso kafin a gan su. Kumatu sun yi santsi, ƙananan ɗige-ɗigen da rana ta bari a saman kunci sun rage duhu. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san danginsa. Tretinoyin, wato asid ɗin retinoyik kansa da likita ke rubutawa, an amince da shi a Amurka don kuraje tun 1971, sannan a 1995 aka amince da shi don tamojin da rana ke jawowa. Retinol ƙaninsa ne, ya fi shi rauni da jinkiri, amma hanyarsu ɗaya: suna taimaka wa fata ta ƙara kolajin, wato sinadarin da ke riƙe ta kada ta saki, wanda ke raguwa da kusan kashi 1 cikin ɗari duk shekara bayan mutum ya mallaki hankalinsa.

Zurfafan layukan goshi suna nan yadda suke. Haka ma kwarin da ke saukowa daga hanci zuwa gefen baki, wanda asalinsa raguwar kitse ne da saki na fata, ba abin da mai zai cike ba. Ban riƙe shi da laifin wannan ba.

Rabin nasarar kuwa ta man kariya daga rana ce. Hasken UVA, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, yana ratsa gilashin taga, ya kai can ƙasan fata ya tayar da sinadaran da ke yanka kolajin, ma'ana abin da retinol ya gina da dare rana na iya rushe shi da safe. Ina shafa mai SPF (ma'aunin ƙarfin kariya daga rana) 30 ko sama, tsawon yatsu biyu ga fuska da wuya, in sake bayan awa biyu idan ina waje. Wanda aka ɗan rina da sinadarin ƙarfe ya fi taimakon tabona, don yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara wa fata mai duhu tabo.

Har na so in yafe masa, sai kwalbar ta sake tayar mini da haushi. Retinol yana lalacewa da iska da haske, amma an zuba shi a kwalba mai faɗin baki da ake buɗewa a tsoma yatsa. Da farko launinsa ruwan ƙwai ne mai haske. A wata na biyar ya yi duhu a gefe-gefe, ƙamshinsa ya sauya, kuma na lura ko na shafa dare biyu a jere ba na jin komai. Ba na tsammanin sabo ne kaɗai. Kashi ɗaya cikin uku na man yana nan a ƙasan kwalbar, ba ni da tabbacin akwai sauran ƙarfi a cikinsa. Ga turaren da aka zuba masa, wanda ba ya ƙara komai sai ƙaiƙayi ga fatar da ke fama. Tarayyar Turai ma a 2024 ta ƙayyade retinol a man fuska zuwa kashi 0.3, shi kuwa wannan 0.5 ne ake miƙa wa sabon shiga da umarnin kowane dare.

Tauraro biyu da rabi nake ba shi cikin biyar. Ba zan sake sayen sa a wannan kwalbar ba. Zan nemi mai kashi 0.3 a mazubi mai famfo wanda haske ba ya ratsawa. Mai juna biyu ko mai neman ɗauka kada ta taɓa shi sam, mai shayarwa ta fara tambayar likita, mai ƙyasbi ko fata mai yawan kumburi kuma ya ga likitan fata tukuna. Wanda ke cire gashin fuska da kaki ya dakatar da man aƙalla kwana bakwai kafin nan, in ba haka ba kakin zai ɗago har da fatar.