Yawan Haihuwa Ko Yawan Masu Rayuwa: Zaɓin Irin Alade A Danmak

Daga 1992 masu inganta irin alade a ƙasar Danmak sun riƙa zaɓen uwa bisa yawan 'ya'yan da ta haifa, rayayyu da matattu duka a lissafi. Haihuwa kam ta ƙaru. Sai dai mahaifa ba ta ƙara faɗi don 'ya'ya sun yi yawa, shi ya sa ake samun ƙanana da ba su kai kilo 1 ba. Irin wannan ɗan za ka gan shi a gefe yana karkarwar sanyi, 'yan'uwansa sun ture shi daga nono, bai samu dakashi ba, uwar kuma in ta juya za ta kwanta sai ta danne shi. Ga kan nonon uwa yawanci 14 ne. In 'ya'ya sun haura haka dole a nemo wata uwa ta shayar da ragowar, aiki ya ƙaru wa mai kiwo.

A 2004 suka sauya ma'auni, aka koma ƙirga 'ya'yan da suke raye a kwana na 5 bayan haihuwa. Galibin mace-macen a kwanakin farko suke faruwa, don haka uwar da ta haifi 18 ta rasa 5 ba za ta sha gaban wadda ta haifi 15 ta rasa 1 ba.

Ni dai ma'auni na biyu ya fi kwanta mini, ko da yake bai magance ƙarancin kan nono ba, kuma har yanzu gonakin Danmak suna dogara da uwayen shayarwa.