Ganin kwamfuta ko yarukan furogiramin, wanne za ka kama a mastas?

Ɗan'uwa na ga tambayarka, za ka fara mastas a kimiyyar kwamfuta, laftof ɗaya gare ka ba GPU, wato katin da ke hanzarta lissafin horar da na'ura, kuma hankalinka ya rabu tsakanin binciken ganin kwamfuta, wato koya wa na'ura gane abin da ke cikin hoto da bidiyo, da kuma binciken yarukan furogiramin. Toh kowanne da irin wahalarsa. Na farkon ƙofarsa a wangale take amma ɗakin ya cika maƙil, na biyun ƙofar ce matsattsiya, in ka samu ka kutsa kuwa akwai wurin zama.

Bari in fara da ganin kwamfuta tunda shi kowa ke rububi. Abin ya ɓarke ne a 2012, lokacin da Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na jami'ar Toronto suka shiga gasar gane hotuna ta ImageNet da AlexNet, modal ɗinsu, wato tsarin da suka horar ya gane hoto, kuskurensu ya tsaya wajen kashi 15 cikin ɗari alhali wanda ya zo na biyu yana wajen kashi 26. Kuma kasan da me suka yi? Katin GPU na GTX 580 guda biyu kacal, irin na 'yan gem. A 2015 wani modal mai suna ResNet ya zo da hawa 152 na lissafi, a 2020 Google ta fito da nata mai suna ViT, daga nan harkar ta koma ta masu kuɗi, manyan kamfanoni na horar da modal ɗaya da ɗaruruwan GPU. Babban taron wannan fanni, CVPR, na 2024 an tura masa takardu sama da 11,000, aka karɓi wajen 2,700. Don haka in burinka shine ka ƙirƙiro sabon tsarin da zai kada na Meta ko na jami'o'in China da laftof ɗinka, gaskiya ka ajiye wannan maganar.

Amma rashin GPU bai kai yadda kake tsoro ba. Shafukan intanet na Colab da Kaggle suna bada GPU kyauta na wasu awanni, ka ɗauko modal da aka riga aka horar kamar ResNet ko YOLO ka ƙara masa horo da hotunanka, manhajar horar da modal ta PyTorch ta sauƙaƙa komai, cikin wata guda za ka ga sakamako da idonka. Abin da zai ci maka tuwo a ƙwarya data ce ta loda hotuna da yadda Colab ke yanke ka ana tsakiyar aiki, shi yasa ka riƙa ajiye abin da ka horar a Google Drive akai akai.

Inda ɗan nan zai yi zarra a wannan fanni ba wajen ƙarfin inji bane, wajen hotunan da babu wanda ya tara ne. Joy Buolamwini da Timnit Gebru a 2018 ba sabon modal suka gina ba, gwada manhajojin gane fuska na manyan kamfanoni suka yi, suka nuna kuskure kan mata masu duhun fata ya kai kusan kashi 35 yayin da na fararen maza bai kai kashi 1 ba, kuma aikin nan ya girgiza fannin gaba ɗaya. Jami'ar Makerere ta Uganda hotunan ganyen rogo mai cuta ta tara har aka yi gasar Kaggle a kai. Mu ma akwai Hausa Visual Genome da aka fitar a 2022, hotuna da bayaninsu da Hausa. Yanzu ka duba abin da ya rage: karanta rubutun ajami na hannu, cutar gero da dawa da wake, ƙwayar maleriya a madubin lab. Sai dai fa aikin gaske shine yi wa hoto dubu biyar lakabi ɗaya bayan ɗaya da neman malamin gona ko ma'aikacin lab da zai tabbatar maka lakabin daidai ne, in na asibiti ne kuma sai da izinin kwamitin ɗa'a, wannan kaɗai na iya cinye maka zango guda.

Yarukan furogiramin kuwa, da yawa sun ɗauka ƙirƙiro sabon yare ne kamar Python, ko a fassara if da while zuwa Hausa. Ba nan gizo ke saƙar ba. Tambayar fannin ita ce ta yaya za a tabbatar furogiram zai yi abin da aka ce ya yi tun kafin a kunna shi, kuma ta yaya kwamfaila, wato manhajar da ke juya furogiram zuwa yaren inji, za ta sa shi gudu ba tare da ta ɓata ma'anarsa ba. Misali Xavier Leroy na INRIA a Faransa ya gina CompCert, kwamfailar C da aka kafa mata hujjar lissafi a cikin tsarin tantance hujja na Coq, wanda yanzu aka canza wa suna zuwa Rocq. A 2011 masu bincike a jami'ar Utah suka fito da Csmith, yana ƙago furogiram barkatai yana jefa wa kwamfailoli, ya tono kurakurai sama da 300 a manyan kwamfailoli irinsu GCC da LLVM, amma a sashen CompCert da aka yi wa hujja bai samu ko ɗaya ba. Rust ma, yaren da ke kare furogiram daga kurakuran memori, daga ilmin wannan fanni ta sha, kuma ba don ado ba, Microsoft da kanta ta ce wajen kashi 70 na ramukan tsaron da take toshewa matsalar memori ce.

Nan laftof ɗinka ta ishe ka har ka gama, ko ba intanet kana aiki. Kuɗin da za ka biya da ƙwaƙwalwa ne, lojik, lissafin lambda, tsarin tayif wato ƙa'idojin nau'in bayanai, yarukan OCaml ko Haskell, kuma za ka iya shafe watanni kana karatu baka da wani hoto ko jadawali da za ka nuna a semina. Babbar matsalar ma ba wannan bace, sufabaiza ne. A yawancin sassanmu za ka samu malamai da dama masu taɓa ƙirƙirarriyar basira, ga taron Deep Learning Indaba da ake yi tun 2017 ga IndabaX ga 'yan HausaNLP, ba za ka rasa wanda zai duba maka aiki ba. Wanda zai karanta maka hujja a Coq ya ce nan ka kauce kuwa sai an tona, kuma fanni ne da mutum shi kaɗai zai iya shekara yana warware abin da aka warware tun 1980 bai sani ba. Ladan shine mutanen kaɗan ne, tarukansu huɗu manya, POPL da PLDI da ICFP da OOPSLA, in ka haɗa takardunsu duka ba su kama ƙafar CVPR ɗaya ba, wanda ya iya abin ana gane shi da wuri in ya zo neman gurbin PhD. Aikin kamfani dai ganin kwamfuta ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata hanya a tsakiya da ba a cika ambata ba. Halide yare ne da aka ƙirƙira a MIT musamman don sarrafa hoto, ya raba abin da za a lissafa da yadda za a tsara gudunsa a kan inji, Google ta yi amfani da shi a kyamarar wayoyin Pixel. TVM kuma daga jami'ar Washington ya fito, aikinsa matse modal ya gudu a kan ƙananan na'urori. Sa modal ɗin gane cutar ganye ya yi aiki a Itel ko Tecno mai ƙaramin memori ba tare da intanet ba, wannan bincike ne na gaske kuma ya taɓo duka biyun.

Ni a shawarce, tunda shekara biyu ce ba GPU, in ba ka da malamin yarukan furogiramin a hannu ka ɗauki ganin kwamfuta, da sharaɗin hotunan naka ne ka tara, ba ka sauko da na Kaggle ka ce ka samu kashi 99 ba, irin wannan tesis ɗin ya yi yawa wallahi. In kuma zuciyarka na can ɗaya ɓangaren, littafin Software Foundations kyauta yake a intanet, ka yi babi uku na farko kafin ka cike fom ɗin taken bincike, in ka ji daɗin kafa hujjar maimakon ciwon kai toh ka fara tura wa malaman waje imel tun yanzu ko ka nemi shiga aikin kwamfailar LLVM ta shirin Google Summer of Code. Ka faɗo mana fannin malaman da ke sashenku da takardar ƙarshe da kowanne ya buga, sai a tayaka zaɓen taken.