Spack ya raba ni da ciwon kai

Na ɗauki shekaru ina harhaɗa manhajojin HDF5 (ta adana bayanan kimiyya) da OpenMPI (ta raba aiki tsakanin kwamfutoci) da hannu a kan babbar kwamfutar bincikenmu. Da zarar an sauya sigar GCC, wato manhajar da ake harhaɗa su da ita, sai komai ya wargaje. Spack, wani tsarin harhaɗawa da girka manhajoji wanda aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Lawrence Livermore na Amurka, shi ya share mini hawaye. Layi ɗaya nake rubutawa, in faɗi sigar da nake so da wadda za ta dogara a kai, shi kuma ya ba kowane gini mazauninsa daban. Yanzu ina da HDF5 iri uku, babu mai taka wani, abin da ya fi burge ni ke nan. Sai dai yana son haƙuri, domin gini daga tushe kan cinye sa'o'i. Ƙananan ayyukan yaren kwamfuta na Python kuwa, har gobe Conda, wani tsarin girka manhajoji na daban, nake buɗewa.