Sandar awo ko sandar kanti? Amsa ga ƙanenmu na Nima

Wani ƙanenmu daga unguwar Nima a Accra ya kawo tambaya a ƙungiya, kuma da yake na fi shi daɗewa da gora a hannu, bari in amsa masa a gaban kowa, wataƙila wani ma ya tsinci abin tsinta. Ya ce shekararsa ɗaya da rabi da fara ƙwallon gora, wato hoki, ranar Asabar kawai, don ya rage tumbi ya kuma ga abokai. Har yau da sandar aro yake bugawa. Yanzu ya tara 'yan sidi, kuɗinmu na Ghana, ya kuma ga wani bidiyo inda ake auna tsayin mutum da nauyinsa da ƙarfin damtsensa kafin a haɗa masa sanda tasa shi kaɗai. To, ya aika waje a yi masa ta awo, ko ya sayi wadda ya samu a hannu?

Ƙanena, kafin komai, wancan bidiyon da ka gani na hokin ƙanƙara ne, irin na mutanen Kanada da Amurka. A can awo yana da aiki sosai. Sandarsu doguwa ce mai lanƙwasuwa kamar baka idan an danna ta a ƙanƙara, har da lamba a jikinta mai nuna taurinta, kuma sukan fara da kusan rabin nauyin mutum a ma'aunin fam. Suna da ta dama, suna da ta hagu. Idan ta yi tsawo sai a sa zarto a rage ta, ta tsaya tsakanin haɓa da hanci. Mu namu na fili ba haka yake ba. Babu sandar bahago a wasanmu, ko kai bahago ne dama za ka koya, kuma da gefen nan mai faɗi ake taɓa ƙwallo, ba da bayan sanda ba. Hukumar hoki ta duniya, FIH, ta riga ta ɗaure wa masu ƙera sanda hannu: tsayi kada ya wuce santimita 105, nauyi kada ya wuce giram 737, lanƙwasa kada ta wuce milimita 25, sannan dole sandar ta iya wucewa ta cikin zobe mai faɗin milimita 51. A cikin wannan ɗan akurkin kowane kamfani yake juyawa, Grays ne, ko Gryphon, ko TK, ko Osaka, ko Adidas.

Na faɗi wannan ne don ka gane abin da za a sayar maka idan aka ce sandar awo. Ba ɗinkin tela ba ne, inda za a buɗe yadi a yanka daidai kafaɗarka. Yawancin sandunan nan a Sialkot ta ƙasar Pakistan ake yin su, a jera zare da danƙo a cikin zubi a gasa. Zubin nan na kamfani ne, ba za a sassaƙa sabo saboda mutum ɗaya ba. Abin da ake ba ka shi ne ka zaɓi tsayi, ka zaɓi nauyi, ka zaɓi inda lanƙwasa za ta zauna, ka zaɓi launi, a rubuta sunanka a jiki. Ka cire launi da suna, sauran duk suna nan rataye a kanti.

Mu fara da tsayi, tunda shi ne kowa yake tsoro. Mai yi maka ta awo zai tambayi tsayinka ya duba jadawali. Mai kanti zai miƙo maka ɗaya daga cikin biyu, inci 36.5 ko inci 37.5, domin kusan duk manya a nan suke faɗawa. Jadawalin wancan ma a nan zai sauke ka. Awon da muke yi a bakin fili kyauta ne: ka sa takalmin wasa, ka tsaya, ka jingina sanda a gefenka, ƙarshen mariƙin ya zo wajen ƙashin kwankwaso. Akwai kuma irin awon mutanen Holan, ka cusa kan sandar a hammata, mariƙin ya sauka tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Ni na fi yarda da abin da baya ya faɗa bayan minti 20 ana gudu. Idan ka tashi kana dafe da ƙugu, ta yi maka gajarta. Idan kana jan ƙwallo kusa da ƙafa mariƙin yana sukar cikinka, ta yi tsawo. A wannan fannin kunnen doki suka yi, sai dai ta kanti ta ɗan ɗara da abu ɗaya, za ka riƙe ta kafin ka biya.

Inda magana take da nauyi shi ne lanƙwasa. Ka kwantar da sanda a kan tebur, fuskarta a ƙasa, ka durƙusa ka leƙa. Za ka ga haske yana wucewa ta ƙarƙashinta, kuma akwai wurin da ratar ta fi faɗi. Wannan wurin ne ya raba sanduna gida-gida. Idan yana wajen milimita 300 daga kan sandar, wato ƙarshen da ke taɓa ƙwallo, ita ce ta gargajiya, mai tafiya da kowa. Idan ya sauko wajen 250, ta koma ta masu ɗaga ƙwallo. Idan ya kai 200, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda, to wannan ta masu jan ƙwallo su wurga ne a lokacin gajeren kwana (bugun hukunci da ake ba masu kai hari idan 'yan baya suka yi laifi kusa da ragarsu), waɗanda ke kwantar da sanda ƙwallo ta gangara a jikinta ta fita kamar daga majajjawa.

A takardar oda za a tambaye ka wacce kake so, kuma na rantse hannunka zai tafi kan ta ƙarshen nan, domin ita ce a hannun taurarin da kake kallo. Ni ma can nawa ya tafi. Shekarun baya na aika aka yi mini wata, kabon kashi 90, lanƙwasa can ƙasa, baƙa wuluk da sunana da ruwan zinare. Na jira makonni. Da ta iso na biya kuɗin kwastan ina murmushi. Asabar ta farko aka turo mini ƙwallo mai sauƙi, wadda ko yaro zai tare, ta doki sandar ta yi tsalle ta koma ƙafar abokin hamayya. Na ce tsautsayi ne. Da na zo bugawa kuma sai ƙwallo ta tashi ta wuce ta gefen kunnen wani dattijo da muke wasa tare, alƙalin wasa ya hura usur, dattijon ya juyo ya ce, "Malam, gida za mu koma da haƙoranmu ko kuwa?" Babu laifin wanda ya ƙera ta, abin da na rubuta shi ya yi. Ni ne na yi cinikin biri a sama. Wata uku na sayar da ita da asara ga wani yaro ɗan jami'a mai wurga kwana, har yau yana yawo da sunana a hannunsa.

Wannan ya kawo mu kan kabon. Sandar zamani haɗi ce ta abu uku: kabon mai ba da tauri da ƙarfin bugu, zaren gilashi mai ba da laushi da juriya, da ɗan aramid mai shanye girgiza. Yawan kabon, yawan kuɗi, shi ya sa mai sayarwa yake fara nuna maka lambar. Amma sanda mai tauri ba ta yafiya. Ƙwallon nan giram 156 zuwa 163 ce, tauri kamar dutse, kuma tauri biyu idan suka haɗu dole ɗaya ya yi tsalle, sai fa in hannunka ya koyi sassautawa ya karɓe ta kamar ƙwai. Wannan hannun ba a samunsa da Asabar kaɗai. Ga kuma zafin da ke ratsa yatsu idan ka buga ba daidai ba, musamman da sanyin safiyar hunturu. Mai wasa irinka, kashi 30 zuwa 50 ya ishe shi, har da ragowa. Kada ma ka riƙe lambar kamar aya, domin 50 na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da 50 na wancan ba, kowa da yadda yake lissafa nasa. Masu yin ta awo sun fi karkata ga manyan lambobi, can ribarsu take. A kanti da hannun 'yan wasa ne za ka fi samun matsakaiciya. A nan ta kanti ta yi nasara, kuma ba da ƙaramar rata ba.

Nauyi ba ya buƙatar dogon zance. Yawancinsu suna tsakanin giram 520 da 560. 'Yan baya sun fi son mai ɗan nauyi saboda dogon bugu, 'yan gaba mara nauyi saboda saurin juya hannu. Ta awo za ta ba ka giram ɗin da ka nema daidai. Ko za ka ji bambancin giram 10 bayan ka ci waake da safe, wannan kuma kai da Allahnka.

Akwai abin da babu takardar odar da za ta tambaye ka: a wane fili kake bugawa? Idan kullum a filin Theodosia Okoh ne, can kusa da tashar motar Tema a tsakiyar Accra, to kana kan ciyawar roba da ake jiƙawa da ruwa, sanda tana sulɓi ba ta cinyewa. Filin nan ya ga manyan wasanni, gasar cin kofin Afirka ta 2009 da ta 2022, da wasannin Afirka da Accra ta karɓa a watan Maris na 2024. Matar da aka sa wa filin sunanta ita ce ta zana tutar Ghana a 1957, ta kuma shugabanci hukumar hoki ta ƙasa shekaru masu yawa. Da wuya a yi hirar hoki a garin nan ba a ambace ta ba, ita da marigayi Shugaba Atta Mills, wanda shi ma ɗan gora ne. Amma mu faɗi gaskiya, sau nawa irinmu suke samun wannan filin? 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana da 'yan gidan yari da ma'aikatan haraji suna da lokutansu, ga kuma 'yan wasan ƙasa. Sauran ranaku filin makaranta ne, rabi ciyawa rabi jan ƙasa da tsakuwa. Irin wannan ƙasa tana gurzar kan sanda kamar magagari. Ka juya tsohuwar sandar duk wanda ya daɗe a irin filin ka gani, gindin kan ya baje, fenti ya tafi, zare ya fara leƙowa. Tsakuwa ba ta karanta sunan da ke jikin sanda. Mai tsada da mai araha duk cinsu take yi, sai dai ɗaya idan ta cinye ka yi tsaki, ɗayar kuma ka kwana ba barci.

Haka ma idan ta tsage. Sanda mai yawan kabon ba ta son karo da 'yar'uwarta, kuma a wasanmu na Asabar sara ya fi tare yawa. Wadda ka saya a hannun mutum a garin nan ka san ƙofar gidansa. Wadda ta zo ta jirgi, sai ka ɗauki hoto ka aika ka zauna jira, kuma kuɗin mayar da ita kaɗai zai sa ka haƙura.

Kada a ce na yi wa ta awo rashin adalci. Tana da mutanenta. Dogon da ya wuce mita 1.90, wanda 37.5 take sa shi ruku'u, da wuya ya samu 38.5 rataye a Accra, dole ya yi oda. Wanda ƙungiya ta dogara da shi wajen wurga kwana, ya san lanƙwasar da hannunsa ya saba da ita, shi ma ya cancanta. Sai wanda ya kashe sanduna uku ko huɗu, har zai iya rufe ido ya ce maka wannan nauyinta ya taru a kai, waccan a mariƙi. Shi idan ya cike takarda ya san abin da yake rubutawa. Kai kuwa sanda ɗaya ka sani, ita ma ta aro.

Ita ma ta hannu tana da tarkonta, musamman ta gwanjo. Idan aka kawo maka wadda aka yi amfani da ita, ka riƙe ta da yatsu biyu ka ƙwanƙwasa kanta a siminti a hankali. Lafiyayya tana ba da ƙara guda, tsaf. Mai ciwo a ciki tana amsawa kamar fasasshiyar ƙwarya, wani lokaci har ka ji wani abu yana kaɗawa idan ka girgiza. Ka bi gefunanta da farce, musamman gefen da ake bugu da shi idan an juya sanda. Idan ka ga an naɗe wuyanta da salatif, ka ce a kwance. Wanda ya ƙi kwancewa ya ba ka amsa.

Abin da ya rage daga kuɗin, ga inda zan kai shi da ni ne. Takalmi mai riƙe ƙasa, makarin ƙwauri na hoki ba na ƙwallon ƙafa ba, domin namu ya fi kauri kuma yana rufe idon sawu, da robar haƙori. Sai naɗin mariƙi irin mai shan gumi. Da zafin Accra, minti 10 tafin hannu ya jiƙe, sanda ta fara juyawa ba da izininka ba. Idan hannunka babba ne ka ƙara naɗi ɗaya a kan na asali, idan ƙarami ne ka kwance na asalin ka sa siriri. Wannan kam awo ne na gaskiya, kuma da hannunka za ka yi shi a tsakar gida. Kada dai ka riƙa barin sandar a but ɗin mota rana tana dukanta, danƙon naɗin yana saki.

Asabar mai zuwa ka zo da wuri, kafin a raba ƙungiya. Zan zo da nawa guda biyu, 36.5 mai kabon 40 da wata tsohuwa 37.5, zan kuma roƙi mutum biyu su ba ka nasu, har da yaron nan mai yawo da sunana. Kowace za ka tare ƙwallo 20 da ita, ka tura 20, ka buga 10, ka ja ta daga wannan layi zuwa wancan. Ni zan tsaya a gefe ina ƙirga wadda ƙwallo ta fi tsere mata. Ka zo da ruwanka, kuma kada ka karanta abin da aka rubuta a jikin ko ɗaya sai mun gama.