Shagon da nake buga wa 'ya'yana takardun karatu a Sabon Gari

Da ƙarfe bakwai da rabi muke fara karatu a gidanmu da ke Gwagwarwa a Kano, bayan an yi addu'ar safe an sha koko. Ɗalibaina uku ne, duka ni na haife su: babbar tana da shekara 10, mai bi mata 7, auta kuma 4. Na tsakiyan yana fama da sikila, kuma yawan fashin makaranta da yake yi duk lokacin sanyi shi ya sa ni da maigida muka zauna muka yanke shawarar in riƙa koyar da su a gida. Shekara ta uku ke nan. Matan zumuntarmu a majami'a sun sha tambayata inda nake samun takardun da suke gani a hannun yaran, shi ya sa na ga ya dace in yi bayanin shagon da nake zuwa, da daɗinsa da kuma inda ya gaza.

Ɗan ƙaramin shago ne a wani layi kusa da France Road, bai fi tafiyar minti biyar a ƙasa daga kasuwar Sabon Gari ba. Na'urar fotokwafi biyu, kwamfuta ɗaya, injin ɗaure takardu, sai benci guda na masu jira. Mai shagon dattijo ne Musulmi daga Fagge, kowa Malam yake ce masa, yana da yaro ɗaya da ke taya shi. Ni kuwa Malama yake kirana tun ranar da ya ji abin da nake yi da takardun.

Duk daren Laraba, idan yara sun kwanta, nake shirya aikin mako mai zuwa a waya: lissafi, rubutun hannu, ƙa'idojin Turanci, karatun Hausa, da ayar haddacewa. Manhajar gwamnati ta NERDC, wato hukumar da ke tsara manhajar makarantu, nake bi, domin ina son babbar ta zauna jarrabawar shiga sakandare da NECO ke shiryawa ba tare da ta ga baƙon abu ba. Littattafan aji sayensu nake yi, amma aikin gwaji na kullum ni nake tsarawa daidai da ƙarfin kowane yaro. Sai in tura wa Malam ta WhatsApp, ranar Alhamis da hantsi in hau adaidaita sahu in je in karɓa. Yakan kai shafi tamanin zuwa ɗari a mako.

Abin da ya fara ɗaure ni da shagon nan ƙaramin abu ne a idon wani. Ran nan na je na tarar an gama buga takarduna, an tara na lissafi da na Turanci a kan wani kwali a ƙasa kamar na kowa, amma shafukan Zabura 23 da na rubuta wa yaran da manyan baƙaƙe suna can saman kanta, an rufe su da farar takarda. Na tambayi yaron shagon, ya ce Malam ne ya hana a ajiye su a ƙasa, tunda da sunan Allah a ciki. Da na yi wa Malam godiya, cewa kawai ya yi, "Malama, ai abin da kike girmamawa ne." Har yau haka yake yi. A hanyar komawa gida na ba wa babbar 'yata labarin, ita ma yanzu ba ta yarda ƙannenta su bar takardar aya a kan tabarma.

Ta fannin aiki kuwa, bugun yana fita tsaf. Na'urarsa mai garin tawada ce, ba mai ruwa ba, kuma duk uwa mai ɗan shekara huɗu ta san amfanin haka. Auta ya taɓa kifar da kofin ruwa a kan takardar baƙaƙensa, na shanya ta a igiya ta bushe, rubutun bai motsa ba. Wanda na taɓa bugawa a wani wuri da tawadar ruwa, gumin hannu kaɗai ya isa ya dame shi. Takarda ma kala biyu yake da ita, mai giram 70 da mai giram 80, kuma yana faɗa miki gaskiyar wadda ya sa. Ta lissafi ina neman mai 80, don yaro zai goge ya sake gogewa, mai 70 kuwa hujewa take yi.

Amma mun taɓa samun matsala babba, kuma ina so duk mai buga Hausa ta ji wannan. A makonnin farko na tura darasin karatu a matsayin fayil ɗin Word. Yaron shagon ya buga shafi talatin bai duba ba, ni ma ina sauri ban duba ba. Sai da safiyar Litinin na miƙa wa na tsakiya takardarsa, ya ce, "Mama, mene ne wannan akwatin?" Duk inda ƙ, ɗ da ɓ suke, ɗan murabba'i ne ya fito a gurbinsu, saboda salon rubutun da ke kwamfutarsu ba shi da baƙaƙen nan masu lanƙwasa. Darasin makon kuwa gaba ɗaya a kan bambancin baki da baƙi ne, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. Raina ya ɓaci sosai, don kuɗin cefane na rage na yi bugun. Na zauna da biro na gyara su ɗaya bayan ɗaya yayin da yara ke jira. Da na koma ranar Alhamis, Malam ya sake buga min duka bai karɓi ko sisi ba, kuma ya ba ni shawarar in riƙa mayar da komai PDF kafin in turo, don haka rubutun ke zama yadda na tsara shi. Tun daga nan ba a sake ba. Duk da haka ina ganin yaron nan ya kamata ya riƙa duba shafin farko kafin ya saki sauran, har yanzu yana da garaje.

Ɗaurin roba mai murɗe da suke yi ban ji daɗinsa ba. Da hunturu ya shigo robar ta bushe ta fara karyewa, shafuka suna zubewa, har tsininta ya karce hannun auta. Yanzu cewa nake a danne min da fil uku a gefe a manna tef ɗin yadi, ya fi arha, ya fi ƙarko. Rufin leda mai zafi kam yana da kyau. Jadawalin sau da jerin littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki da aka rufe min shekara biyu da suka wuce suna nan a bango, ƙura ba ta yi musu komai ba.

Kuɗi ya tashi, kamar komai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Idan babu wuta aka tada janareto, akwai ƙari a kowane shafi, kuma ƙarin yana da nauyi ga mai buga shafi ɗari. Dabarata ita ce in tura da wuri in ce kada a buga sai wuta ta zo. Malam yana yarda da haka, kuma yana yi min ragi tunda kullum nake zuwa. A watan da yarona ya kwanta asibiti, sai da na yi mako uku ina karɓar aiki bashi, bai taɓa yi min tuni ba.

Kada ki je ranar Juma'a da rana, shagon a rufe yake sai an sauko daga masallaci. Lokacin rajistar jarrabawa kuma layi yana da tsawo, bencin nan ɗaya ne, rana tana dukansa daga azahar, don haka ba na zuwa da na tsakiya a irin lokacin. Alhamis tsakanin goma da sha ɗaya ta fi min. In karɓi takarduna, in biya kasuwa in sayi fensir da kayan miya, kafin ƙarfe ɗaya na dawo gida, in tarar babbar ta riga ta ɗora ruwan tuwo tana jiran ta ga aikin da na kawo mata.