Gidan motsa jiki na mata: abin da na samu, da abin da har yanzu bai yi mini ba

Gidan motsa jikin da nake zuwa na mata ne zalla, yana saman wani bene a cikin Kano. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai abin da zan yi ƙorafi a kai, kuma ba tozarta kowa nake nufi ba. Shekaruna sun doshi hamsin, aikina na zaman ofis ne. Likita ce ta ce in nemi inda zan riƙa motsa jiki, bayan gwajin suga na safe ya nuna 6.4. Ta ce ciwon suga daga 7 yake farawa, ni kuwa ina bakin ƙofa. Amma abin da ya fi ci mini rai gwiwa ce. Ta kai ni ga yin nafila a kan kujera, farilla ma sai na dafa ƙasa da hannu biyu kafin in miƙe daga sujada.

Wurin falo ne babba guda ɗaya. Akwai injinan tafiya, da kekuna, da ƙarafa masu nauyi iri-iri a jere jikin bango, da tabarmin roba. Namiji ba ya hawa benen, ko mai gyaran fanka ne sai an sanar kowa ta suturta jikinta. An hana ɗaukar hoto da waya, kuma da gaske suke, na ga an sa wata budurwa ta goge bidiyo a gaban kowa. Wannan dokar ce ta sa maigida ya amince ba tare da doguwar magana ba. Akwai wurin alwala da ɗan lungun sallah.

Abin da nake biyan kuɗi dominsa, a gaskiya, mai horar da mu ce. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, muna ce mata Koci. Ranar farko ta ɗora ni a sikeli, sannan ta ɗauko tef irin na tela ta zagaya mini shi daidai cibiya. Ta ce, "Hajiya, wannan za mu fi bi. Sikeli yakan yi shiru wata guda, ƙugu kuwa yana magana." Ta bayyana mini cewa idan ƙugun mace ya haura santimita 88, haɗarin suga da hawan jini da ciwon zuciya ya ƙaru sosai, domin kitsen da ke taruwa cikin ciki ya fi na cinya da damtse illa. Nawa ya haura, ba da kaɗan ba.

Ni da na zo da niyyar hawa injin tafiya in yi gumi, sai ta kai ni gaban benci. Ta ce in zauna in tashi ba tare da na dafa komai ba, ƙafafu a buɗe, baya a miƙe, in riƙa tura ƙasa da dugadugai. Cinyoyina suka ɗauki rawa, tana tsaye a gefena da hannunta kusa da kafaɗata ba ta taɓa ni ba. Da jiki ya saba ta ba ni ƙarfe mai kilo biyu in rungume a ƙirji, daga baya mai huɗu. Dalilinta ya shige ni. Tun daga wajen shekara 30 tsokar ɗan Adam take fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma idan al'ada ta ɗauke wa mace ƙashi ma yana rage ƙwari, kitse ya koma ciki. Mace mai shekaruna idan ta takura wa kanta da yunwa kawai, tsoka za ta zube tare da kitsen, gwiwa ta rasa abin da zai riƙe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da kuma atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Yawancinmu rabin farko muka sani. Mata da dama a ajinmu sun ƙi taɓa ƙarfe da farko, wai kar su yi ƙwanji irin na maza. Babu wadda ta yi. Abin da na gani shi ne wata Yaya da ta girme ni, wadda da sai ta huta a tsakiyar matakalar benen, yanzu tana hawa tana waya.

Batun abinci ma ta burge ni, saboda ba ta miƙo mini takardar abincin Turawa da babu shi a kicin ɗina ba. Ba ta hana ni tuwo ba. Malmala biyu ta koma ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa ta ƙaru, man da nake kwararawa ya koma na cokali. Ta ce kowane ci ya samu wake, ko ƙwai, ko kifi, ko nono marar sukari, kuma rabin faranti ya zama ganye. Kwaɗon zogale da na rama suka dawo gidana, idan na shiga 'Yankaba kuma nakan haɗo kabeji da kokwamba na mako. Inda ta tsaya kai da fata shi ne abin sha. Sai da ta sa na rubuta duk abin da na kurɓa a yini: shayin safe mai kauri, zoɓon ofis, kunun aya da la'asar, lemon kwalba idan an yi baƙi. Hukumar Lafiya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wajen ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta cinye mafi yawan wannan kason. Har azumin Litinin da Alhamis ta yi mana magana a kai, ta ce ibada ce a ci gaba, amma wadda ta buɗe baki da fanke da ƙosai da kunu mai zaƙi kada ta jira sikeli ya sauka.

Biki ne jarrabawar. A garin nan idan ka ƙi cin alkaki da dubulan a gidan 'yar'uwa sai a ce ka canza, idan kuma aka ga ka rame sai a fara tambaya ko lafiya, ko maigida ne ya ƙaro aure. Na sha wannan tambayar, kuma tana da zafi.

Sakamakon bai zo da gaggawa ba. Koci ta faɗa tun farko cewa rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau, wani makon ma ba a samu. Tela ya rage mini riguna, suga ya sauko ƙasa da 6, likita ta ce in ci gaba. Ita ce ta ba ni labarin wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, a kan mutane sama da 3,000 masu irin matsayina. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da suga ya ragu da kashi 58. Gwiwa kuwa, duk kilo ɗaya da ya tafi yana sauke mata nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Alhamdulillahi, tarawihin bana a tsaye na yi ta.

To, ga abin da yake ɓata mini rai. A teburin karɓar kuɗi, daidai ƙofar shiga, an jera shayin rage ƙiba da wasu ƙwayoyi da ɗamarar roba ta matse ciki. Na ɗauki kwalin shayin na juya. Akwai senna a ciki, dangin filaskon da muka sani na wankin ciki, kuma ban ga lambar NAFDAC a jikinsa ba. Gudawa yake sawa, ruwa ya fita, sikeli ya sauka kwana biyu, mace ta ɗauka kitse ne ya narke. Ga wadda take shan maganin hawan jini mai sa fitsari, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Ƙwayoyin sun fi ba ni tsoro, domin an sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake kira na gargajiya, alhali tun 2010 aka janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Na samu mai wurin na ce, "Hajiya, don Allah a ɗauke kayan nan, suna rushe aikin da ake yi a ciki." Ta ce mata ne ke tambaya, in ba ta sayar ba za su saya a Instagram. Amsar ba ta gamsar da ni ba. Abin da aka saya a wurin da ake horar da mutane, sai a ɗauka an tantance shi.

Na biyu, ba a auna hawan jinin sabuwar zuwa sai idan ta faɗo hannun Koci. Na ga wata baiwar Allah da aka ɗora a keke ranar farko, jiri ya kwashe ta, sai bayan an kwantar da ita aka ji tana da hawan jini kuma ba ta sha magani ba. Na'urar awo ɗaya a kan tebur ta isa ta hana wannan. Sai matsalar wuta: idan aka ɗauke, injin tafiya yakan tsaya cak kafin a tada janareta, don haka ni ba na sakin mariƙinsa. Bayan la'asar kuma cunkoso ne da kiɗa mai ƙarfi, 'yan mata sun cika wurin, babu mai lura da ke. Ajin safe, bayan an kai yara makaranta, shi ne na irinmu.

Kuɗin wata ba kaɗan ba ne, an kuma ƙara shi tun zuwana, ga na adaidaita zuwa da dawowa. Wadda ba ta da hali, shawarata ta biya na wata ɗaya ko biyu, ta tafi da takardar gwajin suga da hawan jininta, ta koyi yadda ake zauna-tashi da ɗaga ƙarfe daidai a hannun mai ilimi, sannan ta sayi ƙarafa biyu ta ci gaba a tsakar gida tare da tattaki bayan asuba. Ni dai na sake biyan na wannan watan saboda Koci da matan ajin safe, waɗanda idan ban zo ba sai sun kira. Maganar shayin kuma mun haɗu mu da yawa za mu sake samun mai wurin da ita.