Zayyanar kaya ko kafa kasuwanci: ta wace ƙofa za ki shiga nazarin ƙirƙira?

Malama, kin ce kin gama karatun zayyanar masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello, kina son digiri na biyu a kan ƙirƙira, amma kin rasa inda za ki sa gaba, ko gudanar da zayyanar kaya ko ilimin kafa kasuwanci.

Gudanar da zayyana ɗan gidan manyan kamfanoni ne. Cibiyar da ta yi fice a fannin, Design Management Institute (DMI), a Boston ta Amurka aka kafa ta a 1975. Ana ɗauka kamfani na nan da jarinsa da ma'aikatansa, abin da ya rage shi ne yadda masu zane za su haɗa kai da injiniyoyi da 'yan talla har kaya ya dace da mai amfani da shi. Za ki koyi zama da mai saye, ki gano ainihin matsalarsa, ki ƙera samfuri, a gwada, a gyara.

Ilimin kafa kasuwanci kuwa daga aljihu yake farawa. Wata masaniyar fannin, Saras Sarasvathy, ta nuna a 2001 cewa gogaggun masu kafa kamfani ba su cika farawa da hasashen riba ba. Sukan duba abin da ke hannunsu ne: me suka iya, wa suka sani, nawa za su iya asara ba tare da sun durƙushe ba. Kada ki auna fannin da kwas ɗin dole da aka yi mana a jami'a, wanda sau da yawa a haɗa sabulu yake ƙarewa.

Ki leƙa tsohuwar Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da ke kusa da Kaduna Poly, ki tsaya wurin mai ƙera injin markaɗe. Wata mai sana'a ta dawo masa da ƙorafi: bakin zuba tattasai ya yi mata tsawo, sai ta taka bulo, kuma bel yana kama mata gefen zani. Ɗalibar zayyana za ta auna tsawon injin, ta zana murfin bel, ta tambayi abin da ya sa ba a gwada shi da mace ba tun farko, tunda mata ne suka fi aiki da shi. Ɗalibin kasuwanci zai tambayi kuɗin falen ƙarfen da murfin zai ci, da ko mai sayen za ta yarda da ƙarin, tunda da ma da kuɗin adashi ta biya. Shi kuwa mai waldan, duka biyun yake lissafawa a kansa kafin ya kunna janareta, kuma ba mai rubuta yadda yake yanke hukuncin. Nan binciken yake.

A ganina, ki yi rajista a ɓangaren kasuwanci, ki shigo da idon zayyanar da kika riga kika samu a Zariya. Dalilina Kakuri ne, unguwar masaƙun Kaduna. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ma ta tsaya a 2007, don haka kamfanonin da za su ɗauki manajan zayyana ba su da yawa a garin nan. Abin da muke da shi ƙananan masu ƙira ne da teloli da masu takalma, inda mai zane shi ne mai jari, shi ne mai bin bashi. Idan kuma burinki aiki a banki ko kamfanin manhaja a Legas ko Abuja, to zayyanar ta fi miki.

Kafin ki sayi fom, ki nemi sanin wanda zai duba aikinki, ki tambaye shi ko zai karɓi bincike da aka yi da hira da zama a shago. Wasu malaman sai sun ga an raba takardun tambayoyi suke sa hannu.